Sarkin Magina da Tsattsewar Zaurensa

Masu riƙon labaran da sun ce, a zamanin da ake tayar da gari da hannu da jar ƙasa, an yi wani magini a birnin Janbirji ana ce da shi Korau. Shi ne Sarkin Magina. In ka shiga birnin nan ka ɗaga kai ka ga soro ya tsaya cak, ba tsaga ba karkata, ba sai ka tambayi kowa ba, hannun Korau ne. Ya gina masallatai, ya gina zaurukan attajirai, ya gina ɗakunan gwagware saboda Allah. Ko wanda ba ya ƙaunarsa, in aka zo maganar aikinsa sai dai ya yi shiru ya sosa ƙeya.

Aibinsa guda ne, in ma aibi za a kira shi: Korau bai iya zama ba. Tuwo a tsaye yake ci. In an sallame sallar asuba, kafin liman ya shafa addu'a shi ya kai bakin ƙofa yana laluben takalmi. Matarsa Hajo takan ce ita dai ta fi sanin ƙeyar mijinta a kan fuskarsa, domin kullum fita yake yi.

To, shekaru suka taru, furfura ta ci gemu, gwiwa ta fara ƙara in ya taka tsani. Ran nan sarkin gari ya kira shi ya ce, "Korau, ka yi wa garin nan aiki, Allah ya saka maka. Ina so ka gina mini soron majalisa, ya zama shi ne na ƙarshe. In an gama ka miƙa sarautar ga wanda ka yarda da shi, ka je ka huta."

Korau ya faɗi ya yi godiya. Amma kalmar hutun nan ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Wanda zai gaje shi kuwa kowa ya san shi, Nomau ne, ɗan ƙanwarsa, magidanci wanda shi ma gemunsa ya fara fari, ya tashi a gindin Korau yana miƙa masa tubali tun bai san dama da hagu ba.

Shi soro irin wannan a kan baka yake tsayawa, wato ginin da ke tasowa daga bango yana lanƙwasa har ya haɗu da ɗan'uwansa a sama. Akan jera azara a ɗaure, a yaɓa ƙasa, a bar ta ta bushe ƙayau, sannan a ƙara hawa. In aka ɗora nauyin rufi a kan ɗanyen baka, ranar da zai zube ba zai yi wa kowa sallama ba, kuma a kan mutanen da ke ƙarƙashinsa zai zube. Duk garin ba wanda ya fi Korau sanin haka, shi ya koya wa kowa. Amma da ya wayi gari ya ga shamuwa ta sauka a kan kukar kasuwa, ya san damina ta ƙarato, sai gaggawa ta kama shi. Ya ce a kwaɓa ƙasa a ɗora rufi.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Kawu, bakan nan bai gama shan iska ba. A ƙara masa kwanaki. Maganar ruwa kuwa, akwai wata dabara da na..."

"Dabara?" in ji Korau. "Ni za ka koya wa gini? Kauce mini!"

Ya sunkuci curin ƙasa ya kama tsani da kansa. Bai yi nisa ba gwiwa ta ce ba da ita aka yi wannan shawara ba. Sai ga Sarkin Magina a ƙasa, tim! Allah ya taƙaita, ba karaya, amma ƙugu ya gurɗe. Aka kai shi gida, maɗori ya ja ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya motsa. Kai kana tsammani ya ji? Ina! Tun ba a gama shimfiɗa masa tabarma a zaure ba ya aika wa magina cewa gobe da hantsi a ciro ƙyauren ƙofa a zo a ɗauke shi a kai, a kai shi wurin aiki. A gabansa za a ɗora rufin nan, wanda bai yarda ba ya bar masa aikinsa. Nomau kuwa ba zai iya tsallake maganar kawunsa ba, ko da ya san shi ne zai fara shiga ƙarƙashin bakan.

Bayan azahar gida ya yi tsit. Korau na kwance rigingine yana ta tsaki, idonsa a rufin zauren, abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba tun ranar da ya gama shi. Can a kusurwa sai ya hango sheƙar tsattsewa, ginin laka, an kai shi rabi an tsaya. Mai ginin kuwa ga ta nan gefe a kan azara tana gyaran gashi hankali kwance.

Ya ce, "Dubi wannan ragguwa! Aiki bai kai ko'ina ba ta zauna tana kwalliya. Ga shi ma a karkace."

Tsattsewa ta leƙo ta ce, "Sannu da jiki, Sarkin Magina."

Korau ya zabura har ƙugun ya amsa. "A'uzu billahi! Ke yaushe kika fara magana?"

"Ranka ya daɗe, tun kakata muke gaishe ka a zauren nan safe da yamma. Ba ka taɓa zama ka ji ba ne. Maganar ginina kuwa, da safe nake jidar laka, in rana ta yi sai in bar ta ta sha iska. In na ɗora ɗanya a kan ɗanya, ƙwaina ne zai fashe a tsakar zaurenka. Ai ba kai za a gaya wa wannan ba."

Korau ya kau da kai. "Na sani. Amma shamuwa ta zo."

"Shamuwa kowace shekara tana zuwa, ba ta taɓa sa ka ɗora rufi a kan ɗanyen baka ba. Ba ita ke korarka ba, ranka ya daɗe. Tabarmar nan da kake kwance a kai, ita kake gudu. Na ga irin wannan gudun a wurin Arzika Sarkin Jirgi, shi ma gwani ne kamarka, kuma har yau ban ga mutumin da ya burge ni kamarsa ba."

Korau ya so ya ce ba shi da lokacin hira, sai ya tuna yau lokaci ne kaɗai abin da yake da shi. Ya ce, "Wane ne kuma Arzika?"

Tsattsewa ta gyara fiffike ta ce:

Labarin Arzika Sarkin Jirgi

Allah ya ja zamanin Sarkin Magina, a cikin yawona na taɓa yin sheƙa a wata rumfa a bakin wani babban kogi can yamma, a mashigar da fatake ke ƙetarewa. Mai fiton wurin shi ne Arzika. Tun yana saurayi yake riƙe da gorar tuƙi, kuma ko akuya bai taɓa bari ruwa ya ci a hannunsa ba. Mata masu goyo in sun iske ba shi ne a jirgi ba, sai su zauna su jira shi.

Da kafaɗa ta fara ba shi labari, sai ya tara mutane ya ce ya bar wa ɗansa Anaruwa jirgi. Aka yi addu'a, aka raba goro. Kashegari da sassafe wa za a gani a tsakiyar jirgi? Arzika. Wai rakiya ya zo. Tun ba a rabu da gaɓa ba ya fara: "Dama! Kai, na ce dama! Dasa gorar nan sosai mana, kana tsoron ta karye ne?" In aka kai inda ruwa ke da ƙarfi sai ya tashi ya tsallake kayan mutane ya kama gora. Shi ya ja nan, ɗan ya ja can.

Wata ranar kasuwa suna cikin wannan ja-in-ja a tsakiyar kogi jirgi ya juya kamar faifai. Mata suka saka salati. Mangul ɗin gishirin wani falke ya gangara ruwa, ya tafi ke nan. Allah ya kiyaye rayuka, amma daga ranar mutane suka fara zagayawa mashigar ƙasa, gara su sha tafiya da su shiga jirgi mai matuƙa biyu. Arzika ya bi gari yana cewa yaran yanzu ba su iya komai ba.

To, yana da wata yaya, Tabawa, tsohuwa tukuf, tana sayar da bandar kifi a gindin wani ɓaure a bakin mashigar. Duk duniya ita kaɗai ke kiransa da sunansa gatsal. Ta ce, "Kai Arzika, zo nan ka zauna."

Ya zo ya tsaya. "Ga ni, Yaya."

"Na ce ka zauna, ba ka tsaya mini a ka ba. Ni na goye ka, na san kai ba mugu ba ne. Amma na ga kana neman ka zama Ladingo mai daddawa kafin ta je wankan jego."

Arzika ya tsuguna ya ce, "Yaya, wace ce Ladingo, kuma me ya haɗa ni da daddawa?"

Tabawa ta kori ƙuda daga kan kifinta ta ce:

Labarin Ladingo Mai Daddawa

A garin da aka kai ni aure akwai wata mata, Ladingo. Daddawarta, kai, ba a magana! In aka jefa ta a miya, maƙwabta sun san yau gidan nan an yi girki. Daga garuruwa ake aiko mata. Ita ke dafa kalwarta, ita ke surfe ta, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a kwando ta lulluɓe da ganye da tsumma, ta kai ɗaki ta rufe. Ka san ita daddawa a rufe take nuna. Zafinta ne ke dafa ta, in iska ta shiga an gama.

Da bayanta ya gaza, sai ta ce ta bar wa matar ɗanta sana'a, wata mai haƙuri ana ce da ita Tasalla. Tasalla ta yi komai yadda aka koya mata, ta rufe kwando. Ladingo na kwance a ɗaki zuciyarta na kan kwandon nan. Anya ta tsane ruwan sosai? Anya ganyen ya isa? Sai ta lallaɓa ta ɗaga tsumma ta leƙa, ta sa yatsa ta taɓa, ta mayar. Da yamma ta sake. Gobe ma haka. Ranar buɗewa sai a tarar da kalwa ta yi tauri, ba danƙo ba ƙanshi. Ladingo ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Na faɗa, hannun yarinyar nan ba shi da albarkar daddawa." Tasalla ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Aka sake, aka sake, duk kanwar ja ce. Masu aikowa suka daina aikowa.

Ana nan sai 'yar Ladingo ta haihu a wani gari mai nisa, dole ta tafi ta zauna mata wankan jego. Ta tafi tana waiwaye, tana cewa kafin ta dawo sunan gidan ya gama mutuwa. Da aka yi arba'in ta kamo hanya. Tun daga bakin rijiyar gari wani ƙanshi ya tare ta, ta tsaya cak da ƙunshinta a ka. Ta ce, "Wace ce wannan ta zo garinmu ta fi ni?" Ta bi ƙanshi, ta bi ƙanshi, sai ga ta a ƙofar gidanta, mata sun yi layi da ƙorai.

Ladingo ba wawuya ba ce, nan take ta gane. Ta ɗauki curi guda ta sansana, ta gutsura ta ɗanɗana, ta dubi Tasalla ta ce, "'Yar nan, kin fi ni." A gaban kowa ta faɗa, da ƙarfi, har da guɗa. Daga ranar, duk lokacin da aka rufe kwando, ita da kanta take ɗauko dutsen niƙa ta sa a danne murfin, don ta san ba ta iya ɗaga shi. Sai ta ja tabarmarta can gindin bishiya ta miƙe ƙafa tana kaɗi, jikoki na hawa bayanta. Ta yi ƙiba, ta yi haske, har muryar waƙarta ta 'yanmatanci ta dawo.

Tabawa ta dubi ƙanenta ta ce, "Ka ji. Daddawar ba ta rasa komai ba sai a ƙyale ta. Kai kuwa kullum hannunka na kan murfin Anaruwa, sannan ka bi gari kana cewa bai nuna ba."

Tsattsewa ta ci gaba da cewa: Ranka ya daɗe, Arzika ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya, gaskiya ne. Amma ni ban san yadda ake zama ba. In na zauna ji nake kamar ƙwari na bin jikina."

Tabawa ta ce, "Da aka haife ka ka san yadda ake tuƙi? Koya ka yi, kaɗan-kaɗan, kana faɗawa ruwa ana tsamo ka. Shi ma zaman haka za ka koye shi, kuma gara ka fara tun da sauran ƙarfinka, kada ciwo ya zo ya koya maka da bulala."

Abin da ya sa na ce mutumin nan ya burge ni ke nan. Ya ɗauki zama kamar sabuwar sana'a. Da fari bai iya barin jirgin ba, sai ya shiga ya zauna a cikin fasinja, ya tura hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, ya cika bakinsa da goro don kada magana ta fito. In aka zo wurin ruwa mai ƙarfi sai ka ga gumi na keto masa, idanu sun firfito, yana ta tauna kamar raƙumi. Mutane su yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Bayan nan ya koma yana zama a gindin ɓauren Tabawa zuwa hantsi, sannan ya kai azahar, har ya zama yana wuni.

Sai ga abin mamaki. Kogin da ya ƙare rayuwarsa a kai, ashe gindinsa kawai ya sani, inda gora ke taɓawa. Bai taɓa ganin yadda yake sauya launi da la'asar ba. Ya ci kifi da zafinsa, ya ce ashe haka yake da daɗi. Ya san sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke tsoron kaza da wanda ke satar ƙuli-ƙuli. Rannan yana zaune ya ga Anaruwa ya ja jirgi ya haura sama kaɗan ta bakin gaɓa, sannan ya sake shi, ruwa da kansa ya ɗauke shi a karkace ya dire shi daidai mashigar ƙetare, ba gumi ba nishi. Arzika ya miƙe tsaye, hawaye na zuba yana dariya, ya ce, "Yaya, kin gani? Shekara da shekaru ina kokawa da kogin nan, ashe so yake ya taimake ni!" Mutane suka dawo mashigar. In sun sauka sai sun biya ta gindin ɓaure sun gai da tsohon Sarkin Jirgi, in an tambaye shi labarin ruwa ya faɗa, in ba a tambaye shi ba ya yi musu a sauka lafiya.

Tsattsewa ta karkata kai ta ce, "Ka ji labarin Arzika, ranka ya daɗe. Shi gishiri kawai ya zubar kafin ya gane. Kai abin da za ka ɗora gobe, mutane ne a ƙarƙashinsa, kuma ɗan ƙanwarka ne a gaba."

Maganar ta shigi Korau, ya ji tsoro ya kama shi sosai. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka ƙasa. Ya ce, "Ke tsuntsuwa ce, zan gaya miki abin da ban gaya wa Hajo ba. Tsoro nake ji. Tun ina yaro in aka ce Korau, gini ake nufi. So nake in gama soron nan da hannuna, da sauri, tun jikin nan bai tona mini asiri ba. In na zauna wani ya ƙarasa shi, ni kuma wane ne?"

Tsattsewa ta ce, "Ɗaga idonka. Wa ya gina zauren nan?"

"Ni mana. Tun kafin a haifi babban ɗana."

"To, tun daga ranar, ka taɓa dawowa ka tallafe shi? Kana can kana gudu a gari, shi yana nan a tsaye, damina ta zo ta wuce, mun haihu a cikinsa mun yi jikoki. Don ka gina shi da kyau ne ya sa bai buƙaci hannunka ba. Wanda ya shigo ya ɗaga kai, sunanka yake kira, ko kana tsaye ko kana kwance. Nomau ma kai ka tashe shi, amma shi kaɗai ne ka ƙi sakar wa hannu ka gani ko zai tsaya. Af, wace dabara ce ma na ji ya ce yana da ita can wurin aiki?"

Kunya ta rufe Korau. Ya ce, "Ban bari ya faɗa ba."

"To," in ji Tsattsewa. Ta sa baki ta ƙwanƙwasa gefen sheƙarta, ta saurara, ta ce, "Da saura." Ta koma ta zauna.

Kashegari da hantsi magina suka zo da ƙyaure suka ɗauki Sarkin Magina, suka ratsa gari da shi mutane na leƙe. A wurin aiki an riga an kwaɓa ƙasa, ga kwanduna a cike, ga mazaje a tsaye ba mai kallon idon wani. Nomau ya ɗaure ɗamara yana gindin tsani, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

Korau ya ce a matsa da shi jikin ginin. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙafar bakan, ya kara kuncinsa. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Ya rufe ido ya yi salati a zuciyarsa. Sannan ya ce, "Nomau."

"Na'am, Kawu."

"Jiya ka fara wata magana na katse ka. Ƙarasa ta."

Nomau ya dubi sauran magina, ya ce, "Kawu, cewa na yi da za a kafa dogayen itatuwa a zagaye soron, a ɗora masa jinka babba ta ciyawa daga sama, kamar yadda ake yi wa rumbu, amma a ɗage ta yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙasa. In ruwa ya zo ya bi ciyawa ya sauka waje, baka ya bushe a hankali. Ranar da ya yi ƙayau sai a yaye jinka a ɗora rufi."

Korau bai taɓa ganin an yi wa soro hula ba. Nan da nan gyare-gyare suka taru masa a baki, ga maganar tsawon itatuwa, ga maganar iskar gabas. Ya laluba aljihu ya ciro goro, ya ɓare, ya tura ɓari biyun gaba ɗaya a bakinsa. Ya tauna, ya tauna, magina na kallonsa. Da ya haɗiye sai ya ce, "Ni dai ban taɓa tunaninta ba, kuma ta fi tawa. To, me kake jira? Aikinka ne. Ku kuma ku sauke kwandunan nan, ku kai ni gindin durumin can."

Wallahi sai da aka ji ajiyar zuciyar mutanen nan. Nomau ya durƙusa zai yi magana, hawaye suka hana shi, Korau ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, rana na yi."

Kada ka ce abin ya zo masa da sauƙi. Kullum aka kawo shi gindin durumi sai a ga hannuwansa a ƙarƙashin cinya, kuncinsa a cike da goro, har Hajo ta ce zai ƙarar da goron kasuwa. Amma bai tsoma baki ba sai in Nomau ya zo ya tambaya. Ruwan farko ya sauka da iska, jinka ta girgiza ta tsaya. Baka ya bushe har in an ƙwanƙwasa yana amsawa, aka ɗora rufi, soro ya tsaya cak. Ranar da sarki ya shiga ya ɗaga kai ya ce, "Korau, wannan ya fi duk abin da ka gina," Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na fara, ga wanda ya gama." Aka naɗa wa Nomau rawani a cikin soron nan.

Da aka watse Korau ya dogara sandarsa ya koma gida a hankali, yana tsayawa yana gaisawa da mutanen da ya shekara yana wucewa a guje. Ya yi sallar azahar, ya zauna har ya gama addu'arsa, sannan ya kishingiɗa a zaure. Tsattsewa ta gama sheƙarta, 'ya'ya sun leƙo da bakuna a buɗe.

Ya ce, "Na karɓi maganarki, abokiyar sana'a. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Arzika da Ladingo in sun riga mu."

"Amin, ranka ya daɗe. Yaya ka ga ginin nawa?"

Korau ya ƙura wa sheƙar ido. Har yanzu a karkace take, ta gefen hagu, ko makaho ya shafa zai ji. Ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Sai ya dubi 'ya'yan nan a ciki suna ta cicciyu lafiya lau, ya mayar da yatsansa ya ce, "Ya tsaya."

Can Hajo ta shigo da ƙwaryar fura, tana sauri kamar yadda ta saba don ta riske shi kafin ya fice. Ta tarar da shi yana barci da rana tsaka, bakinsa a ɗan buɗe, hannuwansa a sake. Ta ajiye furar a hankali, ta rufe ta da faifai. Sannan ta zauna a gefen tabarmar ta ɗauki mafici tana yi masa fifita, tana kallon fuskarsa.